Kano: Ta Mai Kwana Ce Ko Ta Mai Kallo?

Duk lokacin da wani babban jami'in gwamnati ya tashi jawabi a kan hanyoyin da jiha za ta bi ta ƙara samun kuɗin shiga, da wuya ya koma kujerarsa bai ambaci yawon buɗe ido ba. Idan kuwa a Kano ake jawabin, to mai sauraro zai iya lissafa abin da zai biyo baya tun kafin a faɗa: marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, dutsen Dala, Gidan Makama, ganuwa da ƙofofinta, sannan a rufe da hawan sallah. Waɗannan su ne a jikin kalanda, su ne a ƙasidun otal-otal, su ne kuma baƙo zai tarar idan ya nemi sunan Kano a intanet. Birnin da miliyoyin mutane ke kwana suna tashi a cikinsa, an ƙunshe shi ke nan a hotuna shida.

'Yan'uwa marubuta, ba maganar kuɗin da za a samu ko ba za a samu ba ce ta sa na ɗauki alƙalami, wannan na bar wa masana tattalin arziki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tambaya ce ta ɗa'a. Shin ya dace gari ya riƙa gyara fuskarsa daidai da abin da ɗan kallo yake sha'awar gani? Idan kuwa ya yi haka, to me ya rage wa wanda aka yanke wa cibiya a garin, kuma a nan za a binne shi?

Kafin a ce na tsani baƙi, bari mu tuna cewa Kano baƙi ne suka cika ta. Mai karatu ya zaga cikin birni ya saurari sunayen unguwanni kawai, zai ji tarihin baƙunci ba tare da ya buɗe littafi ba. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Agadasawa. Ga Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Ga Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi a nan Larabawan arewacin Afirka ne, domin su aka fara kira da wannan suna tun kafin zuwan Nasara. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Shehu Maghili ya sauka a zamanin Muhammadu Rumfa, har ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a. Ko a baya-bayan nan, Kantin Kwari da muke taƙama da shi Kwarori ne, wato 'yan Sham da Labanan, suka kafa kantuna a wurin.

To amma a lura da irin waɗannan baƙi. Kowane ɗayansu da buƙata ya zo. Wani ya kawo gishiri da kanwa yana neman tufafi, wani ya kawo goro daga Gwanja, wani ilimi ya kawo, wani kuma nemansa ya zo yi. Baƙo zai sauka a gidan fatoma, a ba shi ɗaki, a kai masa tuwo, a adana masa kaya, dillali ya shiga tsakani, a yi ciniki, a fitar da la'ada. Yana buƙatarka kana buƙatarsa, don haka tilas ya koyi gaisuwarka, tilas kai ma ka san abin da ke ɓata masa rai. In ya cuce ka bana, baɗi ba shi da masauki, in kai ka cuce shi, ayari ya sauya gida. Irin wannan hulɗa ita ke sa baƙo ya wayi gari ya yi aure, ya gina gida, jikokinsa su zama su ne masu unguwa.

Ɗan yawon buɗe ido wani irin baƙo ne na daban, wanda kakanninmu ba su san shi ba. Bai kawo kaya ba, bai zo karatu ba, ba ya neman auren kowa. Abin da ya zo nema shi ne ya kalla, ya ɗauki hoto, ya tafi. Ba na cewa wannan laifi ne, domin sha'awar ganin ƙasar wasu halin ɗan Adam ne, kuma gani ya kori ji. Sai dai shi kallo hanya ce mai zuwa ba dawowa. Mai kallo yana da damar ya juya baya duk sa'ad da ya gaji, wanda ake kallo kuwa yana nan inda aka same shi. Harshenmu ma ya riga ya yanke hukunci a kan wannan al'amari tun da daɗewa. Idan Bahaushe ya ce wane ya zama abin kallo, ai ba yabonsa ya yi ba. Mahaukaci ne abin kallo, da ɓarawon da aka kama a kasuwa, da matar da ta yi dambe a bakin rijiya. Abin mamaki, ga mu yau muna kafa kwamitoci, muna kashe kuɗi, muna roƙon Allah ya sa garinmu ya zama abin kallo.

Akwai wani labari da nake jin daɗin karanta wa ɗalibaina a aji, na Baturen nan Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, wanda ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tun a hanya Larabawa sun cika masa kunne da girman Kano. Da ya zo shiga gari sai ya tsaya ya caɓa ado, ya sa kayan sarkinsa na soja, da nufin mutanen gari su ga kwarjininsa. Shi da kansa ya rubuta cewa wahalar banza ya yi, domin babu wanda ya ko waiwayo ya dube shi, kowa harkar gabansa yake yi. Allah Sarki! Mutum ya ƙetaro teku da Sahara yana zaton shi za a kalla, ya tarar da garin da bai da lokacinsa. Kirarin nan na ko da me ka zo an fi ka, ga shi nan Bature ya shaida da alƙalaminsa.

Bayan shekara 27, wato a 1851, Heinrich Barth Bajamushe, wanda ya kira kansa Abdulkarim, shi ma ya iso. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, kuma a lokacin da fatake ke shigowa adadin kan ninka. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini da dukanci. Ya bi sawun tufafin Kano ya ga suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu ta yamma. Ya yaba da cewa sana'ar a cikin gidaje ake yin ta, ba a tara mutane a manyan masana'antu irin na ƙasarsu ba. Mai karatu ya lura, babu ɗaya daga cikin abubuwan da suka burge mutanen nan biyu da aka shirya dominsu. Marini bai tsoma zane a rijiya don Barth ya gani ba, ya tsoma ne don akwai Buzu a Azbin da ke jiran rawaninsa. Kwarjinin Kano a idon baƙo ya samo asali ne daga shagalar da ta yi da aikinta.

Al'amari ya fara sauyawa bayan sojojin Lugga sun fasa ganuwa ta wajen Ƙofar Kabuga a watan Fabrairu na 1903. Hawan da sarakuna ke yi, wanda asalinsa nuna ƙarfin dawakin yaƙi ne da jaddada mubaya'ar hakimai ga sarki, sai Turawan mulki suka ga ya yi kama da wani biki da suka saba shiryawa a Indiya. Suka laƙaba masa sunan da suka taho da shi daga can, wato daba, suka riƙa tara sarakuna da dawakinsu duk lokacin da wani babba ya zo daga Ingila, kamar yadda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925. Mahayin da kakansa ke zare takobi a gaban abokan gaba, shi yanzu zarewa yake yi a gaban rumfar baƙi, a tafa masa. Har yau sunan da duniya ta san hawanmu da shi ba namu ba ne. Mu da muke gida mun san Hawan Daushe dabam, Hawan Nasarawa dabam, na Ɗorayi da na Fanisau kowane da ranarsa da dalilinsa, amma a idon ɗan kallo duk doki ne da alkyabba. Wannan ma ba shi ne karo na farko da aikinmu ya fita duniya da sunan wani ba. Jar fatar akuyar da majemanmu suka jeme, da yake ta arewacin Afirka take bi ta shiga Turai, fatar Maroko ake kiranta a can.

Yanzu mu je Ƙofar Mata, domin a nan ne tambayar tawa ta fi nauyi. Allon da ke bakin marinar ya ce an kafa ta a 1498. Aikin kansa abin sha'awa ne ga duk wanda ya tsaya ya lura. A haɗa baba da toka a rijiya, a bar su kwanaki su jiƙa har ruwan ya nuna, sannan marini ya riƙa tsoma zane yana ɗagawa, iska na bugunsa, yana sauyawa daga kore-kore zuwa shuɗi, a sake tsomawa, a sake ɗagawa, har sai ya yi duhun da ake so. Daga nan a kai wa mabuga su buge shi a kan gungume har ya yi ƙyalli. Wannan sana'a ita ce ta tufatar da mutane daga nan har bakin Bahar Rum. Yau kuwa da yawa daga rijiyoyin sun bushe, wasu shara ta cike su. Atamfa da shadda 'yan waje sun cika Kwari da araha, masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa su ma akasari sun rufe, balle mai rini da hannu. Waɗanda suka rage a bakin rijiyoyin, wani kaso na abin da suke samu daga baƙin da ke zuwa kallo yake fitowa, da ɗan abin da ake miƙa musu bayan an ɗauki hoto.

To a nan nake tambaya, wannan dattijo da ke zaune a bakin rijiya, marini ne ko kuwa mai wasan kwaikwayon rini? Hannunsa shuɗi ne kamar na kakansa, motsinsa iri ɗaya, zanen ma ya rinu. Amma kakan nasa alƙalinsa shi ne mai saye, wanda zai murza zanen, ya shinshina, ya ce wannan bai ji baba ba, ya tafi rijiya ta gaba. Tsoron wannan mai saye shi ke riƙe da ingancin sana'a. Ɗan kallo kuwa bai san rini mai kyau da marar kyau ba, kuma bai damu ba, shi dai hoton ya fito. Da zarar sana'a ta koma hannun wanda bai iya tantance ta ba, to ta kama hanyar lalacewa ko da kuɗi na shigowa. Kuma yaron gidan yana gani. Ya san bambancin uban da ake zuwa wurinsa don gwanintarsa da uban da ake zuwa wurinsa don tsufansa, shi ya sa yake zaɓar tuƙin adaidaita sahu.

Na san za a ce da ni, Malam, kai albashi kake ɗauka, shi kuwa marini da me zai ciyar da iyali in baƙin suka daina zuwa? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba ni da bakin da zan ce wa mai neman halaliyarsa ya kori wanda ya kawo masa kuɗi. Wataƙila ma ba don 'yan kallon ba da tuni an cike rijiyoyin an yi shaguna a kai. Zargina ba a kan marini yake ba. Yana kanmu ne mu da muke alfahari da marinar a bakin baƙi, alhali a ɗakunanmu babu ko ƙyalle ɗaya da aka rina a can. Mun ce gadonmu ne, amma mun bar wa baƙo ciyar da shi.

Garin da ya ɗora wa kansa burge ɗan kallo yakan faɗa cikin ɗayan laifi biyu, wani lokaci ma duka. Na farko ɓoyewa. Kowa ya san abin da ke faruwa a manyan garuruwanmu idan an ce wani babban baƙo na tafe. A kwashe sharar da ta yi wata da watanni a hanyar da zai bi, a shafa wa duwatsun bakin titi farar ƙasa, a kori masu talla da mabarata zuwa lungu. In ya tafi komai ya koma yadda yake. Wani zai ce ai wannan karamci ne, kowane magidanci yakan share zaure in zai yi baƙo. Haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin magidancin da ya share zaure da wanda ya kulle ɗansa marar lafiya a ƙuryar ɗaki don kada baƙo ya ji tarinsa. Sharar da aka iya kwashewa cikin kwana ɗaya saboda baƙo, ashe dama ana iya kwashe ta, ba a dai ga mazauna unguwar sun kai a yi dominsu ba ne. Wannan shi ne saƙon da talaka ke karantawa a jikin farar ƙasar nan, kuma ba ya mantawa.

Laifi na biyu kishiyar na farko ne, wato baje kolin talauci. Akwai ɗan kallon da gada da dogon bene ba sa burge shi, yana da waɗanda suka fi su a garinsu. Shi abin da yake nema shi ne almajiri da ƙoƙon bara, da jaki da mangala, da tsohuwa mai dakan fura a gidan ƙasa. Da yake mai jagora ya san haka, can zai kai shi. Yaron da aka ɗauki hotonsa ba a tambaye shi ba, ba a tambayi malaminsa ba, ba a san sunansa ba, kuma ba zai taɓa sanin inda fuskarsa ta je ba. A irin wannan kasuwa, ci gaban mutum hasara ne ga mai jagora. In tsohuwar nan ta sami injin niƙa, ko mai gidan ƙasa ya sami halin yin rufin kwano don ya huta da yaɓe duk damina, sai ka ji ana cewa an ɓata wurin. An ɓata wa wa? Wanda ke kukan an ɓata, shi a ɗaki mai na'urar sanyaya iska yake kwana.

Duk da haka, adalci ya sa in faɗi abin da idon baƙo ke da shi wanda namu ba shi da shi. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma ɗan gari ma yana da irin tasa makantar, wadda sabo ke jawowa. Mai kwana kusa da majema ba ya jin warinta. Clapperton ɗin nan ya yi ƙorafi a kan fadama da ruwan kwance da ya tarar a tsakiyar birni, kuma bayan shekara 200 duk wanda ya san Jakara ya san bai yi ƙarya ba. Da yawa daga abin da muka sani game da cinikin Kano a ƙarni na 19, daga littafin Barth muka same shi, domin mutanen lokacin ba su ga abin rubutawa a cikin abin da suke yi kullum ba.

Ganuwa ita ce babbar shaidar wannan makanta tamu. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. A 2007 aka shigar da ita cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Bayan shekara uku kacal, a 2010, aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Sauran ganuwar kuwa, inda ba a yanka fuloti ba an ɗebi ƙasa, inda ba a ɗebi ƙasa ba an mai da shi juji. Babu Baturen da ya zo da dare ya yi mana wannan aiki, mu ne da hannunmu, kuma mu ne dai za mu buga hotonta a kalandar baɗi. A ajin da nake koyarwa nakan tambayi ɗalibai, waɗanda akasarinsu haifaffun garin ne, wa ya taɓa hawa Dala, wa ya taɓa shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Hannuwan da ke tashi ba su da yawa. Yaro ya san sunan filayen ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, bai san Barbushe ba. Ta yaya za ka gayyaci mutum daga wata duniya ya zo ya ga abin da ɗanka bai ga dalilin taka ƙafa ya gani ba?

Masu ganin cewa yawan 'yan kallo shi ne maganin komai, su dubi garuruwan da suka samu har ya yi musu yawa. Tsohon birnin Benis na ƙasar Italiya yana da mazauna kimanin 175,000 a 1951. A 2022 sun gaza 50,000, domin gidajen haya sun koma masaukin baƙi, kantin mai burodi ya koma na sayar da tsaraba. A 2024 hukumar birnin ta fara karɓar yuro 5 daga masu shigowa yini ɗaya a wasu ranaku, kamar mai shiga gidan kallo. A shekarar dai, a Basalona ta ƙasar Sifaniya, mazauna gari suka fito zanga-zanga har suna fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara. Garuruwa ne da suka burge duniya har 'ya'yansu suka rasa wurin kwana.

Mu namu ciwon dabam ne, kuma ya koya mana wani abu. Bayan hare-haren 20 ga Janairu, 2012, da suka ci rayukan mutane fiye da 150 a Kano, ƙasashen Turai da Amurka suka gargaɗi mutanensu da su guji zuwa. Rumfar baƙi a Ƙofar Kudu ta rage cika da fararen fata. Amma a shekarun da aka yi hawa bayan nan, ko taron ya ragu? Jama'a sun ci gaba da yin dafifi, yara a kan katanga, mata a kan soraye, 'yan ƙauye sun cika motoci tun asuba don su ga hakiminsu ya kai jahi. Wannan ya nuna hawan sallah, ba kamar marina ba, har yanzu yana da masu shi. Sai ga wani abin takaici. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, alhali a Babbar Sallar wannan shekara 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta, haka kuma aka sake hanawa a Ƙaramar Sallar 2025. Takardar yabo ta iso daga waje a daidai lokacin da mai ɗinkin kayan doki, da mai algaita, da mai sayar da ƙanƙara a bakin hanya suke zaune ba ciniki. Ban ji an yi jimamin rashin Turawa a waɗannan sallolin ba. Abin da na ji a bakin mutane shi ne sallar ba ta yi armashi ba.

Wannan ya kawo ni ga baƙin da ba a lissafawa. Kullum garin Allah ya waye, motoci na sauke mutane daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, daga Chadi da Kamaru, masu zuwa Kwari da Singa da Dawanau. Duk shekara mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya na taruwa don Maukibi. Da sallah, gidan zu na cika da iyalai daga ƙananan hukumomi, waɗanda wasunsu wannan ne zuwansu birni na farko. Amarya daga ƙauye da aka kawo sayen kayan ɗaki, tana ɗaga kai tana kallon gadar sama, ita ba buɗe ido take yi ba? Waɗannan su ne magadan fataken da, kuma kuɗin da suke zubarwa a garin nan ba a haɗa shi da na masu kyamara. Amma ban taɓa jin an kira su 'yan yawon buɗe ido ba, ban kuma ga an shafa farar ƙasa dominsu ba. Tashoshin da suke sauka, da makewayin da babu, da wanda ke tare su a hanya yana karɓar na goro, su ne fuskar Kano a wurinsu. Da alama a ƙamus ɗin hukuma, sai mai jar fata ne idonsa ke buɗewa.

Mu marubuta ma muna da kaso a cikin wannan magana, kuma saboda haka na kawo ta wannan mujalla. Ina karanta rubuce-rubucen matasanmu da dama, sai in ga garin nan yana fitowa ta fuska biyu. Wani in zai kwatanta Kano sai ya ari idon ɗan kallo, ya jero Dala da Gwauron Dutse da ganuwa kamar mai rubuta ƙasidar otal. Wani kuma sai ya tsallake garin baki ɗaya, ya ɗauki taurarinsa ya kai su wani katafaren gida mai bene uku wanda ba a san unguwarsa ba, daga nan sai filin jirgi, sai Dubai, sai Landan. Dukansu biyu kunyar garin suke ji yadda yake. Littattafan farkon shekarun 1990, waɗanda masana suka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano da nufin raini, ko me za a ce da su, mai karatu yakan ji ƙamshin gidajen garin nan a cikinsu, da kishi, da zaman tsakar gida, da hirar zance a ƙofar gida. Mutanen gari ne suka saye su, da kuɗinsu, don sun ga kansu a ciki. Sai daga baya masu bincike da masu ɗaukar hoto suka biyo sawu daga ƙasashen waje, kamar dai yadda Barth ya biyo sawun zane.

Akwai Kanon da babu mai jagoran da zai kai baƙo ya gani, domin ba ta ɗaukuwa a hoto. Lissafin da ɗan dako ke yi a ransa a Singa kafin ya yarda ya ɗauki buhu. Amanar da ke sa ɗan kasuwa a Kwari ya ba mutumin Damagaram kayan miliyoyi ba tare da takarda ba. Ɗan garuwa da ya san gidan da ake biya da gidan da ake cewa a dawo gobe. Abin da dattijon nan na Ƙofar Mata yake ji a zuciyarsa sa'ad da aka ce ya ɗan ɗaga zanen sama, ya ƙara murmushi. Clapperton ya bar mana labarin cewa ba a waiwayo an dube shi ba. Cinikin da ya shagaltar da mutanen kasuwar a wannan rana, da abin da suka faɗa wa juna bayan Baturen ya wuce da kayan sarkinsa, wannan ba mu da shi a rubuce.